Sababbin Ma'aikatan Gidajen Haya Suna Tafiya Kafin Wata Huɗu: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Ni manaja ne a wani rukunin gidajen haya mai sassa 140, ina da ma'aikata bakwai, wasu a ofis, wasu a ɓangaren gyara da tsafta. A cikin shekara guda mun ɗauki mutum huɗu, uku daga ciki sun ajiye aiki kafin su cika wata huɗu. Masu ginin suna cewa a ƙara albashi kawai, ni kuma ina zargin matsalar ta wuce nan. Yaya ya kamata a karɓi sabon ma'aikaci, kuma me ke sa ya zauna?

Amsa: Malam, zarginka yana kan hanya, ko da yake maganar albashi ma tana da gurbinta, kuma zan dawo kanta. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina kula da gidajen haya shi ne, wanda ya ajiye aiki a wata na uku yawanci ya riga ya yanke shawara tun a makonni biyun farko, sauran lokacin yana neman inda zai koma ne kawai. Ya san albashinsa kafin ya sa hannu a takarda, don haka da wuya a ce shi ne ya ba shi mamaki. Abin da ya girgiza shi ita ce ranar da aka danƙa masa tarin makullai da wayar kiran gaggawa, aka bar shi shi kaɗai da ɗan haya wanda ruwa ke zubo masa daga silin, alhali bai ma san inda ake rufe ruwan benen ba.

Wannan sana'a tana da wani hali da ya bambanta ta da aikin shago ko na ofis. Ma'aikacinka yana aiki ne a inda wasu mutane suke kwana suke tashi. Mai saye da ya yi fushi a shago zai fita ya tafi, wataƙila ba za a sake ganinsa ba, amma ɗan haya da aka ɓata wa rai da safe za a haɗu da shi a matattakala da yamma, gobe ma haka, har ƙarshen yarjejeniyarsa. Kuskure ɗaya na makon farko yana iya bin sabon ma'aikaci tsawon shekara. Shi ya sa karɓar sabon mutum a nan ta fi buƙatar tsari fiye da yadda masu gini da yawa suke zato.

Gyaran yana farawa tun kafin a ɗauki mutum. A shekarun 1970 wani masanin halayyar ma'aikata a Amurka, John Wanous, ya yi nazari kan abin da ke faruwa idan aka nuna wa mai neman aiki ainihin yadda aikin yake, da daɗinsa da wuyarsa, maimakon a yi ta yi masa ado. Manufar ita ce wanda ya shigo da idonsa a buɗe ba ya yin irin takaicin wanda aka yi wa romon baka. A aikinmu ma'anar wannan a fili take. Ranar tantancewa ka zaga da mai neman aikin cikin ginin, kuma kada ka tsaya a sashen da aka yi wa sabon fenti. Ka kai shi ɗakin injin ruwa da wurin tara shara, ka nuna masa sashen da ɗan haya ya bari a lalace. Ka faɗa masa sau nawa a wata zai yi dutin dare, da cewa wata rana shi zai kai wa mutumin da suka saba gaisawa takardar gargaɗi kan bashin haya. Wasu za su janye, kuma janyewar tasu alheri ce gare ka, domin da ma su ne waɗanda za su tafi a wata na uku bayan ka gama ɓata lokaci a kansu.

Ranar farko kuwa, abin da sabon ma'aikaci ke karantawa shi ne ko an san da zuwansa. Idan ya iso ya tarar ba a buɗe masa shafi a manhajar da kuke aiki da ita ba, ko Yardi ce ko AppFolio ko littafin rajista na hannu, babu katin shaida, babu kayan aiki, manaja kuma ya fita, to ya riga ya fahimci matsayinsa a wurin. Waɗannan duk abubuwa ne da ake gamawa cikin awa biyu kafin ranar. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa: a sanar da 'yan haya a rubuce cewa an ɗauki sabon ma'aikaci, da sunansa da aikinsa. Mace da take gida ita kaɗai tana da cikakken haƙƙin ƙin buɗe wa baƙuwar fuska ƙofa, kuma bai kamata sabon mai gyara ya fara aikinsa da tsayuwa a bakin ƙofa yana rantsuwar cewa shi ma'aikaci ne ba.

Hausawa sun ce baƙo makahon gari ne, kuma gini mai sassa 140 ƙaramin gari ne. Don haka ni ba na zaunar da sabon mutum a ofis ranar farko yana karanta dokokin kamfani. Ina ɗaukarsa mu taka ginin daga ƙasa har rufi, in nuna masa inda ake rufe ruwan ginin gaba ɗaya da inda ake rufe na kowane hawa, da babban makunnin wutar lantarki, da wurin rufe gas idan akwai, da allon ƙararrawar gobara, da hanyoyin fita, da lambar kamfanin da ke gyaran lif. Sannan in ce ya sa hannunsa ya murɗa da kansa, domin gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi gani. Wannan zagaye har ma'aikacin ofis yana yin sa, ko da bai taɓa riƙe sufana ba, saboda ranar da bututu zai fashe ba ya tambayar wa ke duti. Bayan kwana uku nakan ce shi ya shige gaba ya nuna mini.

Daga nan sai tsarin koyarwa, kuma ƙa'idata ita ce a jera darussa bisa girman ɓarnar da kuskure zai iya jawowa. Abin da kuskurensa ke iya kai wa ga rasa rai, ko kotu, ko ɓatan kuɗin mutane, shi ake fara koyarwa. Yadda ake cika fom ɗin hutu zai iya jira.

Na farko shi ne makullai da shiga gidan ɗan haya. Sabon ma'aikaci, musamman matashi, yakan ɗauka tunda ginin na kamfani ne, makulli kuma yana hannunsa, yana da izinin shiga. Ba haka ba ne: da zarar an sa hannu a yarjejeniyar haya, sashen ya zama gidan mutum. A Ingila dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta tanadi a ba da sanarwar awa 24 a rubuce kafin a shiga duba halin da gida yake ciki, a jihar Kalifoniya ta Amurka ma awa 24 ce doka ta ɗauka a matsayin sanarwar da ta dace. Kowace ƙasa da tata dokar, kuma wajibinka ne ka koya masa wadda ta shafe ku, tare da abin da yarjejeniyarku ta ce, da kuma abin da ake nufi da gaggawa, wato gobara ko warin gas ko ambaliyar ruwa, inda ake shiga ba tare da jira ba. Ka koya masa ya ƙwanƙwasa ya jira, ya faɗi sunansa, kada ya shiga idan yaro ne kaɗai a gida, ya bar takarda mai nuna ya shigo da abin da ya yi, kuma abin da idonsa ya gani a ɗakin mutane kada ya fito da shi a bakinsa. Kowane makulli a rubuta fitarsa da dawowarsa, kada kuma a rubuta lambar sashe a jikinsa, domin idan ya faɗi a hanya ya zama takardar gayyata ga ɓarawo. Makullin da ke buɗe kowace ƙofa ba na ba wa kowa shi a lokacin gwaji. Wannan kariya ce ga shi kansa ma'aikacin, kuma ina faɗa masa haka ƙarara: ranar da wani ya ce an ɗauke masa kaya, littafin makullai ne zai wanke shi.

Na biyu shi ne kuɗi. Kuɗin haya da kuɗin ajiya, wato wanda ɗan haya ke bayarwa jingina saboda ɓarna, amana ne, kuma ƙa'idar ba ta da sassauci: babu karɓa ba tare da rasit ba, babu karɓa a asusun ma'aikaci na kansa, babu yi wa ɗan haya alkawarin rangwame a baki. A Ingila har wa'adi doka ta sanya, cewa a saka kuɗin ajiyar ɗan haya a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Yawancin sababbin da suka faɗa matsalar kuɗi ba ɓarayi ba ne. Tausayi ne ko kunya ke sa su karɓi rabin haya a tsakar gida da niyyar rubutawa gobe.

Na uku shi ne yi wa masu neman haya adalci. A Amurka dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta nuna bambanci saboda launin fata ko asali ko addini, aka ƙara jinsi a 1974, sannan aka ƙara naƙasa da kasancewar yara a iyali a 1988. Ko inda babu irin wannan doka, darasin yana nan: sharuɗɗa iri ɗaya ga kowa, a rubuce, tambayoyi iri ɗaya, sassa iri ɗaya ake nuna wa duk mai nema. Sabon ma'aikaci yakan yi kuskure da kyakkyawar niyya, ya ce wa mai yara, "Wancan benen ba zai dace da ku ba." Ka ba shi kalmomin da zai faɗa, ku yi gwaji a ofis, kai kana mai neman haya shi yana amsa maka.

Na huɗu shi ne koke-koken 'yan haya, kuma a nan nakan ba da misali mai nauyi. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yunin 2017, ta yi sanadin mutuwar mutum 72. Babban abin da ya yaɗa wutar shi ne kayan da aka lulluɓe jikin ginin da su, amma binciken da aka gudanar ya kuma nuna cewa ƙofofin sassa da dama ba su da na'urar rufe kansu mai aiki, kuma dangantaka tsakanin mazauna da masu kula da ginin ta daɗe da lalacewa. Ina so sabon ma'aikaci ya gane cewa ƙorafi kan ƙofar da ba ta rufuwa ba surutu ba ne. Kowane koke a rubuta shi da rana da lokaci, ko da a matattakala aka tare shi da shi, kuma a koma wa mai koken da bayani ko da gyaran bai samu ba tukuna.

Kada ka zuba masa duk wannan a rana ɗaya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masani Bajamushe, ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa cikin ɗan lokaci kaɗan idan ba a maimaita ba. Awa ɗaya ta darasi da safe, sauran yinin a bakin aiki, a maimaita bayan kwana biyu, ya fi yini guda na lacca.

Sai batun wanda zai bi. Kowa ya san a haɗa sabo da tsohon hannu, amma inda ake kuskure shi ne zaɓen tsohon hannun. Wanda ya fi kowa iya gyara ba lallai ne ya iya koyarwa ba, wani ma yana ganin sabon a matsayin mai neman kujerarsa. Na taɓa haɗa wani yaro mai hazaƙa da gwanin ma'aikatanmu, ashe duk yini ɗaukar jakar kaya kawai yake sa shi, da ya yi tambaya sai ya ce masa ya zuba ido. Yaron bai kai wata biyu ba, kuma laifin nawa ne, domin ban taɓa tambayarsa me ya koya ba. Ka zaɓi mai haƙuri da sakin fuska, ka rage masa nasa aikin a waɗannan makonni, ka kuma ba shi ɗan alawus, don kada koyarwar ta zame masa horo. Dutin dare kuwa, ni ba na barin sabo ya riƙe wayar shi kaɗai sai ya yi aƙalla mako shida, ya kuma raka wani zuwa kiran gaggawa sau da dama. Ko bayan nan, a watan farko na dutinsa akwai wanda zai kira a kowace sa'a ba tare da an yi masa tsawa ba.

Akwai abu ɗaya da ke gajiyar da sababbin ma'aikata fiye da yawan aiki, shi ne a ɗora musu alhaki ba tare da iko ba. Ɗan haya yana tsaye yana faɗa, ma'aikaci ya san gyaran ƙarami ne, amma ba shi da izinin sayen ko wayar wuta sai manaja ya dawo. Ka rubuta masa iyakarsa a takarda ɗaya: abin da zai iya kashewa ba tare da tambaya ba, abin da zai iya alkawartawa, da abin da dole ya kawo gare ka. Idan ya yi aiki cikin wannan iyaka, ka tsaya masa a gaban ɗan haya ko da kai da wata hanya za ka bi, gyaran ku yi shi a ofis ku biyu. Manajan da ya kunyata ma'aikacinsa a gaban 'yan haya don ya faranta musu ya zubar masa da kwarjini a ginin baki ɗaya, kuma daga ranar kowa zai riƙa tsallake shi. Haka nan ka faɗa masa sarai cewa zagi da barazana ba sa cikin aikinsa, yana da damar janyewa ya kira ka.

Ka sanya ranakun zama da shi a kalanda tun ranar farko: ƙarshen makon farko, sannan kwana 30, 60 da 90. Minti ashirin sun isa. Kada ka tambaye shi ko komai lafiya, domin amsar a kullum lafiya lau ce. Ka tambaye shi abin da ya tarar wanda ba a faɗa masa ba ranar tantancewa, da ɗan hayan da yake jin nauyin haɗuwa da shi, da kayan aikin da ya nema bai samu ba. Abin da ya faɗa ka gyara ko da ɗaya ne cikin mako, don ya ga maganarsa tana da tasiri. Idan ka tambaya sau biyu ba ka yi komai ba, karo na uku ba zai faɗa maka gaskiya ba.

Yanzu mu dawo kan albashi. A 1959 wani masani Ba'amurke, Frederick Herzberg, da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh na Amurka, inda suka raba abubuwan da ke shafar ma'aikaci gida biyu. Albashi da yanayin wurin aiki da halin shugaba da dokokin kamfani, idan suka lalace suna kawo ƙorafi, amma gyara su kaɗai ba ya sa mutum ya so aikinsa. Abin da ke sa hakan shi ne ya ga ya cim ma wani abu, a yaba masa, a ba shi alhaki, ya kuma ga hanyar ci gaba. Masana sun yi ta muhawara kan wannan rabo, amma a aikace ya yi daidai da abin da nake gani. Idan albashinku yana ƙasa da na gine-ginen da kuke gogayya da su, masu ginin suna da gaskiya, a gyara, domin mai gyaran famfo ko na'urar sanyaya ɗaki da ya ƙware yana da inda zai je gobe. Sai dai ka kula da tarko guda: idan ka ƙara wa sababbi don jawo su, ka bar tsofaffi a inda suke, za ka toshe ƙofa ɗaya ka buɗe wadda ta fi ta girma. Ma'aikata suna sanin albashin juna ko da an hana su faɗa.

Kafin ka je wurin masu ginin, ka dubi jadawalin dutinka. Da ma'aikata bakwai, mai yiwuwa masu gyara biyu ko uku ne ke karɓa-karɓar wayar dare, wato kowa yana rasa barcin mako guda cikin biyu ko uku. A gine-gine da yawa wannan ne ainihin abin da ke korar mutane. Ka rubuta wa 'yan haya abin da ya cancanci kiran dare da abin da zai jira safiya, ka biya kuɗin aikin bayan lokaci daidai, wanda ya kwana yana fama da bututu kuma kada a sa ran ganinsa da sassafe. Idan kuna ba ma'aikaci sashe a cikin ginin, ku sani alheri ne mai ƙaya, domin 'yan haya za su riƙa buga masa ƙofa ranar hutunsa, kuma ranar da aikin ya ƙare muhallinsa ma ya shiga haɗari. A rubuta sharuɗɗan zaman daban da na aikin.

Hanyar ci gaba ita ma a nuna ta da wuri. Mai shara zai iya zama mataimakin mai gyara, mai nuna gidaje zai iya zama mataimakin manaja, kuma akwai takardun shaida na wannan sana'a. Cibiyar masu kula da gidaje ta IREM da aka kafa a Chicago ta Amurka a 1933 tana ba da shaidar CPM da ARM ga manajoji, ƙungiyar masu gidajen haya ta Amurka, NAA, tana da CAM ga manajoji da CAMT ga masu gyara, a can kuma doka ba ta yarda mutum ya taɓa gas ɗin da ke cikin na'urar sanyaya ɗaki ba sai da shaidar hukumar kare muhalli. A duk inda kake akwai makamancin haka a aikin lantarki ko famfo ko gas. Masu gini sukan ce idan an horar da mutum zai gudu. Wasu za su tafi, gaskiya ne, amma a abin da na gani wanda aka biya wa kuɗin jarrabawa ya fi daɗewa a kan wanda aka bari yana canza ƙwan fitila shekara uku.

Idan za ka yi wa masu ginin bayani, ka yi musu da lissafin da suke ganewa, daga littattafanku. Ka ƙirga kwanakin da sassa suka yi babu kowa a ciki saboda babu mai shirya su, da kuɗin da aka biya 'yan kwangila na waje kan gyaran da ma'aikacinku zai iya yi, da 'yan hayan da suka ƙi sabunta yarjejeniya a watannin da koke ya taru. Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafi: ma'aikacin da ya shekara biyar ya san bututun da ke toshewa duk lokacin ruwan sama, ya san dattijuwar da ba ta jin ƙwanƙwasa sai an kira ta a waya. Wannan ilimi yana fita tare da shi, don haka ka sa tsofaffin ma'aikatanka su fara rubuta shi a littafin gini tun yanzu, sabon da zai zo ya gada.

Mutum ukun da suka tafi kuwa, su ne suka fi kowa sanin amsar tambayarka. Ka sa wani ya kira su, wanda ba kai ba kuma ba wanda ya shugabance su kai tsaye ba, domin mai yiwuwa ɗayanku yana cikin dalilin. A tambayi kowannensu ranar da ya fara tunanin tafiya da abin da ya faru a ranar, sannan ka ɗauki amsoshin ka gwada su da jadawalin duti da littafin koke na wannan makon kafin ka buga tallar neman wani.